Ƙaramar kyamara ta aljihu ko DSLR ta masu fara koyo?

Abu Safwan, Madina: Assalamu alaikum, malamai da iyayen gida. Kuɗin kyamara ɗaya gare ni, idona kuma na kan iri biyu: ƙananan nan irin Canon G7 X da Sony RX100, ko kuwa babba, wato DSLR mai madubi a ciki da ake canja wa gilashi, irin Canon 2000D ko Nikon D3500 mai gilashin 18-55. Aikin da za ta yi: hoton iyali, rakiyar baƙi wuraren ziyara, wani lokaci walimar suna a istiraha, wato gidan hutawa da ake haya don taro, da daddare. Mai shago ya ce babbar ta fi domin megafiksel 24 gare ta, ƙaramar 20. Haka abin yake?

Kawu Jidda: Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye zancen megafiksel, ashirin ma ta isa a wanke hoton da za a rataye a falo. Abu biyu ke yanke hukunci: girman sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, da faɗin ƙofar haske ta adasa, wato gilashin gaba da 'yan gida ke ce wa lens. Sensar G7 X da RX100 ita ce ake kira inci ɗaya, ainihin awonta milimita 13.2 da 8.8. Ta Canon 2000D 22.3 da 14.9, ta Nikon D3500 23.5 da 15.6. In ka buga lissafi, ta babbar ta kusa ninka ta ƙaramar sau uku a fili. To amma tsaya, mai shago ba zai kai ka nan ba. Adasar 18-55 tana buɗewa f/3.5 a farko (lambar f in ta yi ƙasa, ƙofa ta fi faɗi), in ka ja zum zuwa 55 ta tsuke zuwa f/5.6. Ta G7 X kuwa f/1.8 zuwa f/2.8 ce. Daga f/5.6 zuwa f/2.8 haske ninki huɗu ne. Sensa ta ba babbar riba sau uku, adasa ta ƙwace sau huɗu. Shi ya sa mutum zai sayi DSLR da 18-55, ya shiga istiraha da daddare, ya fito yana cewa ai ba ta fi ƙaramar abokinsa ba. Gaskiya ya faɗa.

Baban Ikram, Riyad: Kawu, lissafinka daidai ne, amma ka tsaya a rabin hanya. Ba wanda ya ce a mutu a kan 18-55. Ka ɗaura wa 2000D adasar 50mm f/1.8 STM, ko ka ɗaura wa Nikon 35mm f/1.8G DX, nan take ƙofar haske ta yi daidai da ta ƙaramar, ribar sensa kuma ta dawo cif. Fuska ta fito tas, bayanta ya narke. Ƙaramar ba ta da wannan mafita, adasar da ta zo da ita da ita za ta tsufa.

Kawu Jidda: Ban musa ba. Sai dai ya ce kuɗin kyamara ɗaya gare shi. Ka sa masa kuɗin adasa ta biyu da filasha da jaka a cikin lissafin, sannan a gwada.

Abu Safwan, Madina: To tsakanin 50 da 35 ɗin wacce?

Baban Ikram, Riyad: Ya danganta da ɗaki. A jikin Canon ana ninka lambar da 1.6, saboda haka 50 tana gani kamar 80. Ta yi kyau ga fuskar mutum ɗaya ko biyu, amma a majalisin gidan haya sai ka manna bayanka da bango ba ka haɗa mutum biyar ba. A Nikon ana ninkawa da 1.5, 35 ta zama kamar 52, ta fi sakewa. Mai Canon da ke son faɗi ya nemi EF-S 24mm f/2.8 STM, siririya ce kamar murfin kwalba. Gargaɗi ga mai Nikon: jikin D3500 da 'yan uwansa ba su da injin juya fokas a ciki. Adasar da aka rubuta AF-S ko AF-P ita za ta yi fokas da kanta. Tsohuwar 50mm f/1.8D da ake samu da araha za ta ɗauru, amma da hannu za ka riƙa murɗawa.

Malam Mai Gyara, Makka: Bari in shigo ta ɓangaren da ake mantawa, wato ƙura. A ƙasar nan ita ke kashe kyamara, ba yawan aiki ba. Ƙaramar duk lokacin da ka kunna, adasarta tana fitowa kamar bututu hawa-hawa, in ka kashe ta koma. Wannan shiga da fita zuƙar iska yake yi, iskar kuma da ƙura. Matsala biyu ke biyowa. Ko dai ƙwayar yashi ta shiga tsakanin haƙoran da ke tura bututun, kyamara ta rubuta cewa adasa ta maƙale ta mutu. Ko kuma ƙura ta sauka kan sensa, ɗigo baƙi ya riƙa fitowa wuri ɗaya a kowane hoton sararin sama. A ƙaramar ba ka da hanyar kaiwa ga sensa sai an warware ta gaba ɗaya, sau da yawa ma a ce a canja adasar dungurungum. A DSLR ƙura ta fi saurin shiga, domin kana cire adasa, amma fitar da ita aikin minti biyar ne: batir ya cika, ka shiga menu ka zaɓi ɗaga madubi don shara, ka kifa bakin kyamara ƙasa, ka hura da robar hura iska sau biyar ko shida, ka kashe. Kada ka hura da baki, yawu ne zai sauka. Kada ka yi amfani da iskar gwangwani. Kada ka sa audugar kunne. In ɗigon ya ƙi tashi sai sandar goge sensa mai girman APS-C, wato girman sensar waɗannan DSLR ɗin, da ɗigo ɗaya ko biyu na ruwanta, a ja sau ɗaya a jefar.

Wani abu kuma: 2000D da 4000D, da Nikon D3400 da D3500, an cire musu na'urar da ke girgiza sensa ta karkaɗe ƙura. D3300 da ta girme su tana da ita, Canon 250D ma haka. Sabo ba kullum ya fi tsoho kayan ciki ba.

Ummu Rayyan, Jidda: Malam, a ƙara da raɓa. Mu nan bakin teku ita ce tamu. Kyamara ta kwana a ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ka fito da ita Korniche, titin bakin teku, da yamma, gilashi ya yi hazo ciki da waje. Maganinsa a sa ta a leda mai zif tun a ɗaki, a fito da ita a haka, a bar ta minti ashirin ta ɗauki ɗumin waje kafin a buɗe. Raɓar sai ta kwanta a jikin leda. In ana sakaci da wannan, wata rana za a ga zare-zare kamar saƙar gizo a cikin adasa, fumfuna ce, kuma tana cin fatar gilashin. A riƙa ajiye ƙullin silika a jaka.

Malam Mai Gyara, Makka: Haka ne, Hajiya. Zafi ma: littafin yawancin kyamarorin nan ya ce su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40. Makka da Madina da rani suna haura 45. Hoto ɗaya-ɗaya ba komai, bidiyo ne ke sa ta ɗau zafi ta kashe kanta, ƙaramar kuma ta fi saurin yi domin ba ta da jikin da zai sha zafin. RX100 IV da V ma minti biyar aka ƙayyade musu a bidiyon 4K. Barin kyamara a mota da azahar kuwa, wannan ba a ma maganarsa, batir ke fara kumbura.

Abu Safwan, Madina: Subhanallah. Ke nan babbar ta ci?

Abu Hudu, Makka: Yi haƙuri akhi, ba ta ci ba tukuna. Ka ce ziyara. RX100 da G7 X nauyinsu wajen giram 300 ne, suna shiga aljihun jallabiya. D3500 da batir giram 415, ka ƙara adasa ta haura 600, ga jaka a kafaɗa. A Uhudu ko Ƙuba cikin zahama, wato cunkoso, hannu ɗaya riƙe da tsoho, wacce za ka iya zarowa? Sannan a ƙofofin Harami ana duba jaka, babbar kyamara mai doguwar adasa ita ke jan ido, ɗaukar da ta yi kama da ta sana'a kuma sai da tasarihi, wato takardar izini. Ko da ƙaramar ma, wurin ibada ne, ka bi abin da askar, wato jami'in tsaro, ya ce. Kuma kowa ya kiyaye ɗaukar mutane ba izini. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya da makamantanta. Mai iƙama, wato takardar zama a ƙasar, ba ya wasa da irin wannan.

Kawu Jidda: Madalla da wannan tunatarwa.

Ummu Rayyan, Jidda: Ni kuma zan ja ta ɗaya gefen, saboda ya ambaci walima. Duk mai niyyar ɗaukar taro da daddare, filasha ce rabin aikinsa, ba kyamara ba. 'Yar filashar da ke jikin kyamara tana bugun fuska kai tsaye: goshi ya yi ƙyalli, hoda ta yi fari fat, inuwa ta kwanta a bango, bayan mita uku kuma duhu. Abin da ake so filasha ta waje mai kan da ke juyawa, a ɗaga ta sama ta bugi farin silin ta dawo a hankali. A fara da saurin shota (labulen da ke buɗe wa sensa haske) 1/125 na daƙiƙa, ƙofa f/4, ISO (ƙarfin jin haske na sensa) 800, a duba a gyara. G7 X ba ta da mazaunin filasha ko kaɗan. A dangin RX100 ta biyu, wato RX100 II, kaɗai ke da shi. Wannan kaɗai ya isa ya fitar da ƙaramar daga aikin biki. 'Yan'uwa mata masu son shiga sana'ar su ji da kyau, domin ɓangaren mata a ɗakin biki mace ake nema ta ɗauka, kuma amarya ba ta karɓar uzuri.

Baban Ikram, Riyad: Hajiya, a nan akwai rami. Canon ta cire babban ƙarfen tsakiya na mazaunin filasha a 4000D da 250D da 2000D da yawa. Filashar Canon tana aiki, amma filasha mai araha mai fil ɗaya ba za ta tashi ba sam. Masu TTL, wato masu auna haske da kansu, irin na Godox wasu sai an sabunta manhajarsu. Kafin ka biya, leƙa mazaunin: in ka ga ƙananan ɗigo huɗu kawai babu babban zagaye a tsakiya, ka san inda ka dosa. Ka sa filashar a shago ka harba sau goma. D3500 ba ta da wannan matsala. Kuma kada saurin shota ya wuce 1/200 da filasha, in ya wuce rabin hoto zai fito baƙi, domin labule na biyu ya fara rufewa kafin haske ya tashi.

Abu Hudu, Makka: Ga inda ƙaramar ke rama wa: shotarta a cikin adasa take, tana tafiya da filasha har 1/2000. Da rana tsaka in mutum ya juya wa rana baya, 'yar filashar nan ta isa ta haska fuska.

Malam Mai Gyara, Makka: Tunda an zo ga rana, ku yi masa lissafin. Da tsakar rana a ISO 100, f/16 na tafiya da 1/100. In ka buɗe zuwa f/1.8 kana buƙatar wajen 1/8000. DSLR ɗin masu koyo a 1/4000 suke tsayawa. Ke nan wanda ya sayi 50mm don bayan hoto ya narke, ya fita AlUla gaban Dutsen Giwa da hantsi, hotonsa zai ƙone. Ko ya tsuke zuwa f/2.8, inda 1/3200 ta isa, ko ya sayi filta mai rage haske ta mataki uku. Bakin 50mm STM milimita 49 ne, na Nikon 35mm 52 ne, kada a sayo wadda ba ta ɗauruwa. G7 X da RX100 III zuwa V suna da irin wannan filta a ciki, maɓalli kawai za ka danna. A VI da VII an cire ta.

Kawu Jidda: Ga abin da ya shafe mu mu baƙaƙe, kowace ka saya. Kyamara tana auna hasken fili gaba ɗaya ta nemi matsakaici. Farin tobe, wato jallabiya, farin harami, farin marmara, sai ta ga haske ya yi yawa ta rage, fuska ta tafi duhu, sai haƙora da ido. Nemi maɓallin da ke da alamar ƙari da ragi, ka ƙara kashi biyu cikin uku zuwa mataki ɗaya. In farar rigar ta fara ƙiftawa a allo alamar ta ƙone, ka koma baya kaɗan. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da ake gyarawa a kwamfuta, duka iri biyun suna yi. A nan babbar sensa tana da ɗan fifiko, in ka ɗago inuwa a kwamfuta ba ta saurin yin tsaki-tsaki. Mafi sauƙi dai ka matsar da mutum inuwa.

Abu Safwan, Madina: Bidiyo fa? Akan buƙaci a ɗauki gajeren jawabi.

Abu Hudu, Makka: Nan 2000D da D3500 ba su da ta cewa. Ba su da ramin makirfo, allonsu ba ya juyawa, fokas ɗinsu a bidiyo laluben makaho ne, yana gaba yana baya. G7 X Mark III da RX100 VII, dukansu na 2019, suna da ramin makirfo. A DSLR sai ka hau zuwa 250D, ita tana da rami, allo na juyawa, fokas kuma na bin fuska da kyau a 1080. Kuma ka kula da wuta. Lantarkin Saudiyya 60 ne a daƙiƙa, na Najeriya da Nijar da Sudan 50. Kyamarar da aka saita a tsarin bidiyo na PAL tana ɗaukar hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, a ƙarƙashin fitilun nan sai ka ga bidiyo na rawa ko layuka na gangarowa. Mayar da ita NTSC, 30 ko 60, shota a 1/60 ko 1/125. In ka tafi gida hutu ka juya akasin haka.

Ummu Rayyan, Jidda: Batir kuma kada a manta. A awon kamfani D3500 tana kai hoto 1,550 a caji ɗaya, 250D sama da dubu, 2000D 500. Ƙananan ba sa wuce 210 zuwa 350, domin allo a kunne yake kullum. Mai ƙarama ya sayi batir biyu tun ranar farko. Sauƙinta RX100 na caji da wayar USB daga fawa-banki. Batiran ajiya a jakar hannu ake shiga jirgi da su, ba a akwatin awo ba.

Ɗan Zazzau, Dammam: Malamai, ni tambayata, me ya sa muke ta DSLR a yanzu? Tun 2020 Canon da Nikon ba su ƙara fitar da sabuwa ba, ƙarfinsu ya koma kan marasa madubi. Canon R50 da R100, Nikon Z30 da Z50, Sony ZV-E10, sensarsu girman ta DSLR ɗin ce, jiki ya fi ƙanƙanta, fokas na kama ido.

Baban Ikram, Riyad: Gaskiya ne, in kuɗi ya kai R50 ba zan hana shi ba. Amma wannan ƙaurar da mutane ke yi ita ta cika kasuwar hannu da DSLR da adasoshinsu a kan araha, alhali G7 X yayin masu bidiyon intanet ya sa ta yi wuyar samu, har ta hannu tana tsada. Ta fuskar kuɗi yanzu babbar ce mai sauƙi. Kuma adasar EF, wato ta DSLR ɗin Canon, ba asara ba ce, gobe in ya sayi jikin R da adafta za ta yi aiki, Nikon ma akwai adaftar FTZ. Wadda zan ce a yi hattara ita ce Canon M50 da danginta: kyamara ce mai kyau, amma an daina layin, adasarta kuma ba ta hawa jikin R.

Ɗan Zazzau, Dammam: Na karɓa, amma batir ɗin marasa madubi ma ba ya jimawa, a sa a lissafi.

Abu Safwan, Madina: Na ga wata a Haraj, shafin sayar da kayan hannu, D3300 da adasa biyu, 18-55 da 70-300. Me zan duba?

Malam Mai Gyara, Makka: Da farko kada ka yi cinikin biri a sama, ba tura kuɗi kafin gani. Ku haɗu da rana, ka je da katinka na memori. Ka ɗauki farin bango ko sama a f/16, ka buɗe hoton ka zagaya, ƙura da ƙarzuwa za su bayyana. Ka rufe murfi ka ɗauki baƙin hoto na daƙiƙa biyu, ka nemi ɗigo ja ko shuɗi da ba ya motsi. Ka cire adasa ka haska ta da tocilan waya daga baya, ƙura kaɗan ba laifi, hazo ko saƙar gizo ka bar masa kayansa. Yawan harbin shota a Nikon yana rubuce a cikin fayil ɗin hoto, akwai shafukan da ke karanta shi kyauta. A Canon sai an haɗa da kwamfuta. Irin waɗannan ana yi musu zaton dubu ɗari, in ka ga ƙasa da dubu ashirin yarinya ce. Ka duba ƙofar batir da ta kati, ka duba kan sukurori ko an taɓa kwance su.

Ita kuma 70-300 ɗin, karanta jikinta. Ta AF-P DX kala biyu ce, mai VR, wato na'urar hana rawar hannu, da mara VR, kamarsu ɗaya. Mara VR a 300 tana gani kamar 450, hannu ba ya riƙe ta sai shota ta kai 1/500, da magariba ba ta da amfani sai a kan ƙafa uku. AF-P kuma tana aiki a D3300 in an sabunta manhajar jikin, amma a D3100 da D3200 ba ta fokas. Haka a Canon, 75-300 da ake haɗawa cikin kwali ba ta da mai hana rawa, 55-250 IS STM ta fi ta nesa ba kusa ba.

Kawu Jidda: In kuma sabuwa ce, a manyan shaguna irin Jarir ko eXtra ko shagunan unguwar Balad ta Jidda, tambayi ko farashin ya haɗa da dariba, wato haraji, ta kashi 15, ka karɓi fatura, wato rasit, ka tabbatar lambar jikin kyamara ita ce a takardar daman, wato garanti, daman ɗin kuma na wakilin cikin ƙasa ne. Ra'ayina dai bai canja ba: in 18-55 kaɗai za ka tsaya a kai, ɗauki ƙaramar. In ka san cikin wata biyu za ka ƙara 35mm da filasha, D3300 ɗin nan ta fi maka, tana da ramin makirfo da mai karkaɗe ƙura waɗanda ƙannenta suka rasa.

Abu Safwan, Madina: Allah ya saka da alheri. Mai ita ya turo hoton adasar, an rubuta AF-P, ban ga VR ba. Ya ce harbi dubu goma sha huɗu.

Baban Ikram, Riyad: To ka ce ya cire 70-300 ɗin ya rage kuɗin, abin da ya ragu ka tara na 35mm. Kada ka yarda da dubu goma sha huɗu daga baki, ka ɗauki hoto ɗaya da hannunka ka duba. Ka tambaye shi caja ta asali, MH-24 ce, da batir EN-EL14a.

Ummu Rayyan, Jidda: Kuma katin da zai ba ka kyauta kada ka je walima da shi. Sayi sabo a shagon da ke ba da fatura, ka yi masa fomat a cikin kyamarar ba a kwamfuta ba.